Kuɗin injunan ba sa cika, ƙanena ke kwasowa, ga kuma tayin ƙarin injuna tara

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciya ce. Shekara biyu ke nan da na zuba ɗan abin da na tara a sana'ar injunan sayar da kaya, irin waɗanda mutum zai saka kuɗi ko kati, ya danna lamba, abin da yake so ya faɗo masa. Ina da guda huɗu: biyu a wata masana'anta, ɗaya a ɗakin jiran wani asibiti, ɗaya a wata kwaleji. Ruwa, lemo, biskit da cakulan nake zubawa. Saboda aikina, ƙanena da ya gama karatu bai samu aiki ba shi ke zuba kaya ya kwaso kuɗi sau biyu a mako. Ba mu yanke albashi ba, abin da ya sawwaƙa nake ba shi. Wata huɗu ke nan kuɗin da yake kawowa ba sa kai kayan da ke fita. Gibin ba babba ba ne, amma kullum yana nan. Na kasa yi masa magana, don mahaifiyarmu ba ta da zance sai sa min albarka kan yadda na riƙe shi. Ana cikin haka wani da zai bar sana'ar ya yi min tayin injunansa tara tare da wuraren da suke, ya ba ni mako uku in yanke shawara. Kuɗin sai na ci bashin banki. Maigidana ya ce bai yarda ba, wai ko huɗun ma ban san ribarsu ba. Maganar ta ƙona min rai, har yau ba ma doguwar hira. In sallami ƙanena? In ci bashin? Na rasa ta inda zan fara.

Wata 'yar'uwa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Na karanta wasiƙarki sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wata huɗun nan da kike haɗiye magana ke kaɗai, kina kallon ƙaninki da ido biyu, kina amsa albarkar mahaifiya zuciyarki ba daɗi. Wannan nauyi ne, kuma kin yi ƙoƙari da ba ki fashe da zargi ba. Haƙurin da kika yi ya bar miki ƙofa a buɗe, domin kalmar "ɓarawo" in ta fita tsakanin 'yan ciki ɗaya ba ta komawa.

Ki ba ni dama in fara da abin da ba za ki so ji ba. Maigidanki bai zaɓi lafazi mai taushi ba, amma abin da ya faɗa yana cikin wasiƙarki da hannunki. Kin ce kuɗi ba sa kai kaya. Ba ki ce a wane inji ba, ba ki ce kashi nawa ba, ba ki ce wace rana gibin ya fi yawa ba. Abin da ke hannunki yanzu zato ne, kuma da zato ba a sallamar ɗan'uwa, ba a kuma sa hannu a takardar banki. Abin farin cikin shi ne sana'arki tana cikin sana'o'in da suka fi sauƙin bincike, saboda injin da kansa yana riƙe da lissafi.

Kusan duk injin zamani yana da ƙwaƙwalwar da ke ƙirga kuɗin da suka shiga da adadin kayan da suka fita. Lissafin iri biyu ne: akwai wanda ake iya gogewa bayan kowace kwasa, akwai kuma wanda ba ya goguwa, yana ta hauhawa tun ranar da injin ya fara aiki, kamar mitar tafiyar mota. Wannan na biyun shi ne mashaidinki. Ana ganinsa idan an buɗe ƙofa an shiga tsarin masu gyara, kuma littafin injin yana nuna maɓallin da za a danna. Idan kin ɗauki lambar yau kika cire ta zuwan da ya wuce, kin samu cinikin da aka yi a tsakani, ba ragi ba ƙari. Daga nan ki cire abin da aka biya da kati, abin da ya rage shi ya kamata a samu a akwati.

Sai dai ki yi hattara a nan, domin a daidai wannan gaɓa mutane da yawa suka zalunci yaransu. Akwai hanyoyi da dama da kuɗi ke "ɓacewa" ba tare da kowa ya taɓa su ba. Sulallan da mai saye ya jefa ba duka ke sauka a akwati ba. Na'urar canji tana fara cika bututunta da su don ta samu abin mayar wa na gaba. Idan bututun sun yi ƙasa a farkon mako suka cika a ƙarshensa, akwati zai nuna gibi alhali kuɗin suna cikin injin. Haka idan kin ƙara farashi a takardar da ke gaban kaya amma ba a canza shi a ƙwaƙwalwar injin ba, ko aka canza layi biyar aka manta ɗaya, to kina sayarwa a tsohon farashi kina lissafi da sabo. Murɗaɗɗiyar wayar da ke turo kaya in ba ta dace da girman ledar ba, wani lokaci takan saki biyu a kuɗin ɗaya, wani lokaci ta maƙale, mai saye ya tare ƙaninki ya ce injin ya cinye masa kuɗi, shi kuma ya ciro daga jaka ya biya don a rabu lafiya, bai rubuta ba. Kuɗin kati ba sa shigowa asusu a ranar da aka yi ciniki, kuma kamfanin da ke sarrafa su yana cire kasonsa kafin ya turo. Ga kayan da wa'adinsu ya ƙare aka zubar. Ga kuma maganar makulli: injunan da aka saya na hannu sau da yawa suna zuwa da makullin da wasu ma suna da irinsa, ko tsohon mai shi, ko wani tsohon yaronsa. Idan ba ki canza kwaɗon ba tun da kika saya, ki canza a makon nan, ko da ƙaninki waliyyi ne.

Yanzu mu dubi yaron nan da kansa. Saurayi ne da ya gama karatu, yana zagaya wurare uku sau biyu a mako, yana ɗaukar katan-katan na ruwa da lemo, kuma bai san nawa zai samu a ƙarshen wata ba. Wa ke biyan kuɗin motarsa? In yunwa ta kama shi a hanya fa? Ban ce ya halatta ya sa hannu ba. Amma na san yadda abin ke farawa: yau ya ciri kuɗin mota da niyyar zai faɗa, gobe ya sha lemo ɗaya ya ce ai na Yaya ne, bayan wata uku abin ya zama ɗabi'a, kunyar faɗa kuma ta yi yawa. "Abin da ya sawwaƙa" kalma ce mai daɗi a bakin mai bayarwa, amma ga mai karɓa tana nufin ba shi da haƙƙin da zai iya nema da bakinsa. Wannan ɓangaren laifin tsarin ne, kuma ke kika kafa tsarin. Gyaransa yana hannunki.

Don haka ga abin da nake ganin za ki yi. Ki kira shi ku zauna ku biyu, ba a gaban mahaifiya ba, ba a gaban maigidanki ba. Kada ki fara da gibi. Ki ce masa an yi miki tayin faɗaɗa sana'a, kuma kafin ki amsa dole ki san lissafin kowane inji daki-daki, don haka daga wannan mako za a canza yadda ake aiki. Wannan gaskiya ce, ba dabara ba. A zama ɗaya ki yanke masa albashi ko kaso sananne daga ciniki, ki ware kuɗin mota daban, ki ce masa in ya mayar wa wani kuɗi ya rubuta, ba laifi ba ne. Sannan ku tsara: duk zuwa zai ɗauki hoton lambar da ba ta goguwa da wayarsa ya turo miki nan take, ya rubuta abin da ya zuba a kowane layi da abin da ya cire, kuɗin kowane inji kuma su zo a jakarsu daban, ba a haɗe ba. Zagaye biyu na farko ki bi shi da ƙafarki, ko da ranar hutunki ce. Za ki ga abubuwan da ba a gani daga gida, shi ma zai ga cewa kin san aikin.

Bayan mako huɗu zuwa shida ɗaya daga cikin abu uku zai bayyana. Ko gibin ya ɓace, to ki yi shiru ki gode wa Allah, kada ki tono abin da ya wuce. Ko an gano kuskure ne, ko yaro ya gyara da kansa, duka biyun nasara ce. Ko gibin ya taru a inji ɗaya, wanda hakan ya fi nuna matsalar na'ura ko makulli ko wani a wurin. Ko kuma ya ci gaba a ko'ina duk da lambobi sun fito fili. A nan ne kawai za ki ajiye masa takarda a gaba ki ce, "Ga abin da inji ya ce, ga abin da ya zo, ka yi min bayani." Ko a nan ɗin ba lallai sai sallama ba. Za ki iya raba aikin: shi ya ci gaba da zuba kaya, kwasar kuɗi ta dawo hannunki. Yawancin injunan da ke da tsarin haɗi na MDB, wato tsarin da injin ke magana da na'urorin karɓar kuɗi ta cikinsa, ana iya ɗaura musu na'urar karɓar kati mai aiko da rahoton ciniki ta intanet, irin waɗanda kamfanoni kamar Nayax da Cantaloupe ke yi. Tana da kuɗin wata da kason da take ci, amma tana rage tsabar kuɗin da ke yawo a hannun mutum, tana kuma nuna miki a waya layin da ya ƙare kafin a tashi tafiya. Mahaifiya kuwa ba ta buƙatar jin komai a yanzu. In ta kai ga sai ta ji, gara ta ji daga bakinki da takarda a hannu, cikin sanyin murya.

Kin ce gibin ba babba ba ne. Bari in nuna miki dalilin da ya sa ban yarda da wannan kalma ba, da misali kawai, ke za ki saka lambobinki na gaskiya. A ce cikin kowace 100 da ta shiga inji, 50 kuɗin kaya ne, 10 la'adar mai wuri, 3 kason kati, 7 zirga-zirga, 10 haƙƙin ƙaninki, 5 ajiyar gyara, 3 kayan da suka lalace. Saura 12. Idan gibin 5 ne cikin 100, a ido ƙarami ne, amma ya cinye kusan rabin ribarki. Kuma daga wannan 12 ɗin ne banki zai karɓi nasa kowane wata, ko an yi ciniki ko ba a yi ba. Ki yi wannan lissafi ga kowane inji shi kaɗai. Ba zan yi mamaki ba in kika tarar injunan masana'anta, inda ake aiki dare da rana kuma ba shago kusa, su ke ɗauke da sauran, na kwaleji kuwa yana barci duk lokacin hutu alhali kwampresonsa, wato na'urar da ke sanyaya kaya, yana shan wuta, kayan ciki suna tsufa.

Mu zo kan tayin. Na fahimci abin da ya ja hankalinki. Samun wuri mai kyau shi ne mafi wahala a wannan sana'a, ga wani ya kawo miki tara a faranti. Amma ki riƙe wannan da kyau: abin da ake saya a irin wannan ciniki wuri ne, injin ƙarfe ne kawai da ake samu ko'ina. To wuraren nasa ne da zai sayar? Ki nemi ganin yarjejeniyar da ya yi da kowane mai wuri a rubuce, ki duba ko ta yarda a miƙa wa wani, da sauran wata nawa ta ƙare. Inda babu takarda, ki je da kanki ki gana da mai wurin, domin alkawarin baka da aka yi wa wani ba ya bin inji zuwa hannunki. Manaja zai iya canzawa, sabon ya ce a fitar da shi cikin mako guda, ki rasa inda za ki kai ƙarfe mai nauyin kilo ɗaruruwa wanda ɗaukarsa ma sai da mota da ƙarti.

Ki nemi lissafin wata 12 cikakku, don ki ga lokacin zafi da na sanyi, lokacin aiki da na hutu. Kada ki tsaya a littafinsa. Ki roƙe shi ku zagaya tare, ki rubuta lambar da ba ta goguwa a kowane inji, bayan mako biyu ku koma ki sake rubutawa. Gani ya kori ji. Ki tafi da mai gyara ya saurari kwampreso, ya gwada na'urar karɓar takardun kuɗi da ta canji, ya duba ko ana samun kayan gyaran irin wannan ƙira har yanzu, ya kuma tabbatar za su karɓi na'urar kati. Ki duba nisan da ke tsakaninsu. Injuna tara da suka warwatsu gabas da yamma za su iya cin riba a hanya, abin da biyar da ke kusa da juna ba za su yi ba. Ki tambaye shi kai tsaye me ya sa yake fita, ki kuma tabbatar babu bashi a kan injunan. Mai gaskiya ba zai ƙi ko ɗaya cikin waɗannan ba. In ya ce mako ukun ba za su ƙaru ba kuma ba zai buɗe miki inji ba, ya riga ya ba ki amsa.

Ra'ayina, tunda kin tambaya: kada ki ci bashi don sayen tara a wannan karon. Daga huɗu zuwa 13 ba ƙarin lamba ba ne kawai, wata sana'a ce daban, mai buƙatar wurin ajiyar kaya, abin hawa, jarin cika injuna 13 a lokaci guda, da mutum mai aiki kusan kullum. Ke kina da aikinki, mutum ɗayan da kike da shi kuma ba ki gama tantance tsakaninku ba. Amma ƙin tara ba ya nufin ƙin komai. Ki tambaye shi ko zai sayar miki biyu ko uku mafi ciniki waɗanda ke kan hanyar da kuke bi. Ko ki ba shi wani abu a hannu, sauran ki biya wata-wata daga cinikin injunan, da sharaɗin in mai wuri ya kore ki cikin wata shida na farko za a rage farashi. Mai son fita da gaske yakan saurari irin wannan. In ya ƙi, akwai girman da ba ya buƙatar banki: ki ɗauke injin da ya fi rauni ki kai shi wuri mai jama'a, ki cire kayan da ba sa tafiya ki ba waɗanda ke ƙarewa layi biyu, ki riƙa sa tsohon kaya a gaba sabo a baya, ki share ƙurar bayan firjin a kai a kai don kwampreso ya daɗe. Ki liƙa lambar waya a jikin kowane inji ki riƙa mayar da kuɗi ba gardama, domin injin da ya cinye wa mutum kuɗi sau biyu ba wanda ya kula, ya rasa wannan mutumin da abokansa. Manajan masana'antar da ya gamsu da ke kuma shi ne zai fi saurin haɗa ki da wani wurin, ba tare da kin biya kowa ba. Ki kuma duba ko takardun izini, haraji da inshora sun cika bisa dokar inda kike, ki tabbatar an ɗaure injunan yadda ba za su rikito kan mai jijjiga su ba. Wannan ya sha hallaka mutane, kuma alhakin yana iya dawowa kanki.

Saura maigida. Ina jin abin da ya ƙona miki rai ya wuce maganar riba. Kin gina abu da guminki shekara biyu, kina son a ce sannu, sai aka ce ba ki san abin da kike yi ba. Kina da haƙƙin ki faɗa masa haka, a lokacin da hankali ya kwanta: cewa kin karɓi gyaran, amma lafazin ya yi miki ciwo. Shi ma ki duba ta nasa ɓangaren. Bashin banki in ya shigo gida ba ya tsayawa a kan wanda ya sa hannu. In ciniki ya faɗi wata biyu, daga tukunyar gida za a cike, kuma wataƙila tsoron da yake ji ke nan ya fito da kaushi. Kada ki jira shi ya fara saukowa. Ki ce masa kin jingine maganar tara, kina tattara lissafin mako shida, kuma kina so ya zauna ku duba tare idan ya kammala. Mutumin da aka gayyato cikin lissafi yakan koma mai neman mafita tare da ke. Ku kuma yanke tun yanzu iyakar da ba za a tsallake ba, misali ba za a ci bashin da biyansa na wata ya wuce rabin ribar da aka tabbatar a takarda ba, kuma ba za a jinginar da wani abu na gida ba.

Abu ɗaya nake roƙonki: maganar zargin ƙaninki kada ta shiga wannan hira da maigida tukuna. In ya ji, zai yi wuya ya manta, ko da lambobi sun wanke yaron daga baya, kuma su biyun za su ci gaba da haɗuwa a gidan mahaifiya shekaru masu yawa.

Gobe ki nemo littafin injunan, ko ki sauko da shi daga intanet da lambar ƙirar da ke jikin ƙofa, ki koyi inda lambar take. Jibi ki kira mai tayin ki nemi zagaye da ƙarin lokaci. Ranar hutunki ta farko kuma ki shirya ki bi ƙaninki, ki ɗauki katan ɗaya da hannunki. Idan mako shidan sun cika ki sake rubuto min da lambobin inji huɗun, mu duba tare wanne za a matsar, wanne za a ƙara wa kaya. Allah ya sa albarka a nemanki, ya daidaita tsakaninku.